Na cika sittin, ritaya ta zo: hukuncin walima, zakkar kuɗin fansho da sunan da ke fom

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni ma'aikacin gwamnatin tarayya ne, ina zaune a Kubwa, Abuja. Wata mai kamawa zan cika shekara 60 a takarda, ranar ce kuma zan ajiye aiki. Na ce a takarda ne saboda hedimastanmu ne ya kintata mini ranar haihuwa sa'ad da aka sa ni firamare, iyayena ba su rubuta ba. 'Ya'yana sun haɗa kuɗi za su kama wuri su yi mini bikin cika shekara da na ritaya a haɗe, ni kuma zuciyata ba ta kwanta ba. Sannan kuɗin da za a ba ni a dunƙule daga asusun fansho, ranar da na karɓa zan fitar musu da zakka, ko har da ta shekarun baya? Na kuma rubuta babban ɗana a fom ɗin fansho a matsayin makusancina. In na rasu, ragowar kuɗin nasa ne?

AMSA

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa. Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa gaba ta fi baya kyau.

Rashin kwanciyar zuciyar nan alheri ne, domin shekara sittin ba ƙaramin mataki ba ne a shari'a. Bukhari ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi (SAW) ya ce Allah ya yanke uzurin mutumin da ya jinkirta masa ajali har ya kai shi shekara sittin. An kuma ruwaito daga Ibn Abbas cewa shekarun da ake nufi a aya ta 37 cikin Suratu Faɗir, inda ake tambayar 'yan wuta ko ba a raya su gwargwadon da mai tunani zai yi tunani ba, su ne sittin. A Tirmizi kuwa, shekarun wannan al'umma tsakanin sittin ne da saba'in, kaɗan ne ke zarcewa. Ka kuma sani cewa lissafin ofis na kalandar Bature ne. Shekarar Hijira ta gaza ta da kusan kwana 11, saboda haka mai shekara 60 a takarda ya kai 61 da kimanin wata 10 a lissafin wata. Annabi (SAW) ya yi wafati yana da 63.

Ranar da hedimasta ya kintata maka ba laifi a kanka, tunda ba kai ka ƙirƙire ta don yaudara ba, kuma da ita ka shiga aiki da ita za ka fita. Wanda ke da laifi shi ne wanda ya san shekarunsa, ya je ya yi rantsuwa a kotu ya zabtare biyu ko uku don kada ƙa'idar shekara 60 ta haihuwa ko 35 ta aiki ta cim masa. Wannan ya haɗa ƙarya da rantsuwar zur da tare gurbin na bayansa, tuba ta wajaba a kansa tare da gyara takardar.

Game da bikin zagayowar ranar haihuwa, malamai sun saɓa. Shaikh Ibn Baz da Shaikh Ibn Usaimin sun hana, suna ganin idi ne da aka ƙirƙira da kuma koyi da waɗanda ba Musulmi ba. Daga hujjojinsu akwai hadisin Anas cewa Annabi (SAW) ya tarar da mutanen Madina suna da ranaku biyu na wasa, sai ya ce Allah ya musanya musu da waɗanda suka fi su, wato Sallar Layya da ta Azumi. Cibiyar fatawa ta Masar ta halatta, a kan cewa al'ada ce ba ibada ba, muddin babu saɓo a ciki. Abin da na rinjayar shi ne kada a mayar da ranar haihuwa idin da ake jira duk shekara. Wanda ke son gode wa Allah a kan haihuwarsa yana da abin koyi: da aka tambayi Annabi (SAW) game da azumin Litinin, ya ce ranar ce aka haife shi, kamar yadda Muslim ya ruwaito.

Amma taron da za a yi sau ɗaya saboda ka kammala aiki lafiya, walimar godiya ce a kan wata ni'ima da ta auku, kamar walimar tarewa a sabon gida ko ta dawowa daga tafiya. Wannan halal ne. Ka ce wa yaran su sa masa sunan walimar ritaya, su bar kyandir da hura shi, su raba mazaunin maza da na mata, a tsayar da komai idan lokacin salla ya yi, kada kuma a ci bashi dominsa. Kama babban zaure a Abuja kuɗi ne mai yawa, alhali ma'aikaci na iya yin watanni tsakanin albashin ƙarshe da fanshon farko, musamman wanda ya fara aiki kafin 2004 yana jiran gwamnati ta zuba masa haƙƙinsa na tsohon tsari. In za a yi a gida, a ciyar da maƙwabta da masinjoji da direbobin ofis da ba a cika gayyata ba, ya fi albarka. Ka yi amfani da taron ka nemi afuwar waɗanda suka yi aiki a ƙarƙashinka. Sai dai "ku yafe mini" a bainar jama'a ba ya sauke haƙƙin dukiya. Motar ofis, kwamfuta, kuɗin tafiyar da aka karɓa ba a je ba, alawus ɗin ƙaramin ma'aikaci da aka danne, duk sai an mayar da su ga masu su.

Sai zakka, inda aka fi yin kuskure.

Kuɗin da ke asusunka an tara su ne bisa dokar fansho ta 2004 wadda aka sabunta a 2014, inda ake cire kashi 8 cikin ɗari daga albashin ma'aikaci, mai ba da aiki ya ƙara kashi 10. Duk tsawon shekarun nan ba ka da ikon taɓa su yadda ka ga dama, sharaɗin zakka kuwa cikar mallaka ne. Don haka babu zakkar shekarun baya a kanka. Haka Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zartar a zamanta na Dubai a 2005 game da kuɗin sallama. Ranar da ka karɓa ma ba a nan take za ka fitar ba. A mazhabar Malikiyya irin wannan dukiya ana kiranta fa'ida, hukuncinta irin na gado ne da kyauta: mutum ya fara ƙirga mata shekara daga ranar da ta shiga hannunsa.

Ga yadda za ka yi. Ranar da kuɗin suka shiga asusunka na banki, ka rubuta kwanan watan Musulunci, ba na Bature ba. Idan wannan rana ta zagayo, ka duba abin da ya rage, ka tambayi nisabin ranar. Nisabi dinari 20 ne, kimanin giram 85 na zinari, ko dirhami 200, kimanin giram 595 na azurfa. A yau akwai tazara mai faɗi tsakanin ƙimar biyun a naira, kuma kuɗin 'yan fansho da yawa a tsakaninsu suke faɗawa. Nisabin zinari shi aka fi sanarwa a ƙasar nan, wanda ya bi shi ya sauke nauyi. Wanda ya bi na azurfa ya fi tsantseni, ya kuma fi tausaya wa talaka. Idan ragowar ta kai nisabi, sai ka fitar da kashi 2.5 cikin ɗari, wato Naira 25,000 a kowace miliyan ɗaya. A ƙaddara ka karɓi miliyan 30, ka gyara gida ka biya kuɗin makaranta, shekara ta zagayo saura miliyan 20, kuma hakan ya kai nisabin ranar. Zakkarka Naira 500,000 ce. Abin da ka kashe kafin shekara ta cika babu komai a kansa, sai fa in an kashe shi ne dab da lokacin don a guje wa zakka, wannan dabara ba ta saryar da ita.

In kana da wani ajiyayyen kuɗi da dama kake yi wa zakka, a Malikiyya kowane kuɗi da shekararsa. Hanafawa kuwa suna haɗa sabon da tsohon a fitar rana ɗaya. Dattijon da lissafi biyu zai rikita, ya ɗauki rana ɗaya ya fitar wa duka, ya wadatar masa. Bashin da ake bin ka ana cire shi kafin lissafi, sai dai Malikiyya sun ce in kana da wata kadara da ta wuce bukatarka wadda za ta iya biyan bashin, kamar fili ko mota ta biyu, to a ɗora bashin a kanta, a fitar wa kuɗin zakka cikakkiya. Gidan da kake ciki da motar hawa ba su da zakka. Gidan haya, kuɗin hayar ake dubawa in sun taru sun shekara. Filin da ka saya a Kuje ko Gwagwalada kana jiran ya yi tsada, a Malikiyya sai ranar da ka sayar za ka fitar da ta shekara ɗaya. Fanshon wata-wata da ke ƙarewa a cefane da magani babu zakka a kansa, haka ma ragowar da ke hannun kamfanin fansho wadda ba ka da ikon cirewa.

Akwai abin da ba ka tambaya ba amma ba zan wuce shi ba. Ana juya kuɗin fansho a wurare daban-daban, daga ciki har da takardun bashin gwamnati masu kuɗin ruwa. Abin da aka yi bisa tilas ba tare da zaɓinka ba, babu zunubinsa a kanka. Amma tun 2021 hukumar kula da fansho ta ƙasa, wato PenCom, ta fito da Asusu na Shida wanda babu kuɗin ruwa a cikinsa, yana kuma da ɓangaren 'yan ritaya. Tunda mafita ta samu, ka rubuta wa kamfanin fanshonka a mayar da kai can. Ribar da ta taru a baya, malamai sun saɓa a kanta: wasu na ganin ƙari a kan kuɗin da aka cire da tilas ba kuɗin ruwa ba ne a kan ma'aikaci, wasu sun ce a tsarkake. Shawarata ka nemi cikakken bayanin asusunka, ka ware abin da aka zuba da abin da ya ƙaru, ka kintata kason da ya fito daga ruwa gwargwadon rinjayen zatonka, ka bayar ga mabuƙata ba da niyyar sadaka ba. Idan halinka ya yi ƙunci har yin haka zai jefa iyalinka cikin wahala, kana da sauƙi a ra'ayin farko.

Za a kuma ba ka zaɓi biyu: ko kamfanin fansho ya riƙa biyanka wata-wata daga asusunka, ko ka miƙa kuɗin ga kamfanin inshora ya biya ka har ƙarshen rayuwa. Na farkon ya fi kusa da kuɓuta, domin dukiyar tana nan da sunanka, in ka rasu ragowar ta magada ce. Na biyun musayar kuɗi ne da kuɗin da ba a san adadinsu ba, kuma in mutum ya rasu bayan shekara 10 na lamuni, magada ba su da komai. Abin da ka karɓa a dunƙule kuma ka tsare shi daga masu alkawarin ninka kuɗi cikin wata ɗaya. An ga yadda tsarin ninka kuɗi na MMM ya yi da mutane a 2016, kuma idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Akwai bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, akwai sukuk ɗin gwamnatin tarayya, wato takardun zuba jari marasa kuɗin ruwa, da aka fara fitarwa a 2017. Kafin duk wannan, in ba ka sauke farali ba kuma kana da lafiya, kujerar Hajji ita ce kan gaba bayan biyan bashi da tanadin abincin iyali.

Tambayarka ta ƙarshe kuwa, amsarta a'a. Sunan da aka rubuta a fom na wanda za a tuntuɓa ne, ba ya mayar da shi mai dukiya. Duk abin da ya rage a asusun gado ne. Za a fara da hidimar jana'iza, sai bashi, sai wasiyya wadda ba ta wuce sulusi ba, sannan a raba: mata ko matan aure su yi tarayya a ɗaya bisa takwas tunda akwai 'ya'ya, mahaifi da mahaifiya in suna raye kowanne ɗaya bisa shida, saura na 'ya'ya, namiji rabon mata biyu. Ko da ka rubuta wasiyya cewa babban ɗanka ya ɗauka, ba ta zartuwa sai sauran magada sun yarda, domin babu wasiyya ga magaji. Gidaje da yawa sun watse a kan wannan fom, musamman inda ɗakuna suka fi ɗaya: ɗan uwargida ya karɓo kuɗi ya ce sunansa aka rubuta, 'ya'yan amarya ƙanana su tashi a tutar babu.

Ka tara iyalinka tun kana da ƙarfi, ka faɗa wa ɗan nan a gabansu cewa amana ka ba shi ba kyauta ba. Ka rubuta wasiyya da shaidu biyu adilai, domin hadisin Ibn Umar a Bukhari da Muslim ya nuna bai kamata mai abin wasiyya ya kwana biyu ba tare da tana rubuce a wurinsa ba. Ka sa sunan kamfanin fanshonka da lambar asusun, da basukan da ake bin ka da waɗanda kake bi, da inda takardun filaye suke, ka kuma bayyana cewa a raba komai bisa shari'ar Musulunci. Ka sa lauya ya duba ta yadda kotu za ta karɓa, domin kamfanin fansho ba ya sakin kuɗin mamaci sai da wasiyyar da kotu ta tabbatar ko takardar izinin kula da dukiyarsa, neman ta biyun kuwa kan ci lokaci da kuɗi. In kana son ba wani ɗa kyauta tun kana raye, ka daidaita tsakaninsu kamar yadda Annabi (SAW) ya umarci mahaifin Nu'umanu bin Bashir, kuma wanda aka ba ya karɓe ta a hannunsa. A Malikiyya kyautar da ba a karɓa ba har mai bayarwa ya kwanta ciwon ajali ko ya rasu ta ɓaci, ta koma cikin gado.

Wallahu a'alam.