Ku Tambaya Mu Amsa: Muna son aika wa yara littafi kyauta duk wata, ta ina za mu fara?

TAMBAYA: Slm Anti, ina wuni, ya aiki ya iyali. Ni malamar firamare ce a nan Jega jihar Kebbi, na jima ina koyar da 'yan aji ɗaya, kuma wlh abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne yaro ya zo makaranta da shekara shida bai taɓa riƙe littafi nashi na kanshi ba, wani ma a juye yake riƙe shi. Ƙanena da ke karatu waje ya ba ni labarin wani shiri a Amurka da ake aika ma yara littafi ta gidan waya duk wata kyauta. Ni da ƙawayena huɗu da muke adashe muka ce mi zai hana mu yi irin shi ga ɗiyan unguwarmu. Don Allah ta ina za mu fara, kuma gidan waya zai yi mana aikin? Daga wata malama, Jega.

AMSA: Wa'alaikumus salam Malama, Allah ya saka da alheri ke da ƙawayen naki. Shirin da ƙanenki ya ba ki labari sunansa Imagination Library, wata mawaƙiya Dolly Parton ce ta fara shi a 1995 a ƙaramar hukumarsu ta Sevier da ke jihar Tenesi, saboda mahaifinta bai iya karatu da rubutu ba. Ana yi wa yaro rajista tun daga haihuwa, duk wata littafi ɗaya zai zo gida da sunansa a jiki har ya cika shekara biyar, kin ga wanda aka sa tun yana jariri zai tashi da littafi 60 kenan. Ba a tambayar iyaye ko masu kuɗi ne ko talakawa, in dai yaron yana yankin da shirin ya shafa shikenan. Daga baya ya shiga Kanada da Birtaniya da Ostareliya da Ailan, Najeriya ba ta ciki, don haka kar ku zauna jiran a turo muku littattafai daga can.

Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne ko a can ɗin ba mawaƙiyar ce ke biyan komai ba. Hedikwata ce ke zaɓen littattafai ta buga su da yawa don su yi araha ta aika, amma 'yan gari, ƙungiyoyi da ɗakunan karatu da masu hali, su ke rajistar yaransu su tara kuɗin littafi da na aikawa. Wato irin aikin da ku biyar ɗin nan kuke son ɗauka, sai dai ku naku ya fi nauyi tunda hedikwatar ma ku ce.

Maganar gidan waya kuma, gsky ni ban ba ku shawarar ku jingina da shi ba. A can galibin gidaje da lambarsu da akwatin wasiƙarsu. Mu nan kwatance muke yi, bayan masallacin Juma'a, gidan da ke kallon injin niƙa, gidan wane mai shinkafa. Ko da an kai, kuɗin ambulan da kan sarki na kowane littafi kuɗi ne da zai buga wani littafin. In kin duba da kyau abu biyu ne ke sa shirin can ya yi aiki, littafin na zuwa kowane wata ba fashi, sannan yaro ya san nashi ne don sunansa na kai. Waɗannan biyun ku riƙe su gam, hanyar kaiwa kuwa ku nemi tamu.

Tamu kuwa muna da ita. Ku je asibitin sha-ka-tafi na mazaɓarku ku gaida in-caj ku roƙi ɗan teburi ranar riga-kafi. Uwa na kawo jariri bayan haihuwa, sai sati 6, sati 10, sati 14, wata 9, sannan wata 15, ga shi kuma Kebbi na cikin jihohi biyu da aka fara allurar zazzabin cizon sauro a Disambar 2024, wadda ake yi a wata 5, 6, 7 da 15, kin ga zuwan ya ƙaru. Wannan wurin rajista ne mai kyau sosai tunda katin riga-kafi na ɗauke da ranar haihuwa ba sai an yi ta lissafin an haife shi da azumi ko bayan sallar layya ba. Amma bayan wata 15 uwa ta daina zuwa sai in ciwo ya kawo ta, to daga nan sai ku koma islamiyyar matan aure, malama ta kira suna ta miƙa. Waɗanda ba sa fita kuma ku nemi matan nan da ke bi gida-gida da damina suna ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 maganin kariya daga zazzabi, wlh babu wanda ya kai su sanin gidan da ke da ƙaramin yaro, kuma an saba da su ana buɗe musu ƙofa. Ku ba su na mai ko na sabulu, kar ku ce aikin lada ne kawai, lada ba ya biyan kabu-kabu.

Kafin duk wannan ku fara sallama da mai unguwa da liman, ku ajiye musu littattafan su duba da idonsu. Kin san mutanenmu, abu kyauta da aka rubuta sunan yaro a kai, in ba a yi bayani ba gobe za ki ji an ce 'yan siyasa ne ko wasu ne daga waje ke tattara sunaye. Magidanta ma a sanar da su, kar littafi ya shiga gida maigida bai san da zancen ba.

Yanzu kuɗi, nan ne ake faɗuwa. Yaro 100 littafi 1,200 ne a shekara, in kuka riƙe su shekara biyar 6,000, ban da sabbin haihuwa da za su riƙa shigowa duk wata. Ku je wajen mai buga takardu a Birnin Kebbi ko Sakkwato ya faɗa muku kuɗin kwafi ɗaya, ku ninka, ku ƙara wani abu a kai saboda takarda ba ta tsayawa farashi ɗaya. Abin da adashenku zai iya ɗauka na wata 12 cur, shi ne yawan yaran da za ku rubuta, ko da 30 ne. Na taɓa shiga wani kwamiti irin wannan muka ɗebo da zafi muka rubuta yara fiye da ƙarfinmu, wata na huɗu aljihu ya bushe, yara na tare mu a hanya suna cewa Anti ina littafina, har yau in na tuna sai na ji kunya. Ku ɗauki unguwa ɗaya ku ce duk yaron da ke cikinta ya cancanta, ya fi ku tsinci ɗaya nan ɗaya can a ce kuna son kai. In abu ya kankama har masu hali sun fara ba ku gudummawa, ku yi wa ƙungiyar rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, ku buɗe asusun banki da sa hannun mutum biyu, kuɗin jama'a kar ya kwana a akawun ɗin mutum ɗaya ko da waliyyiya ce.

Littattafan kuma ba sai kun rubuta da kanku ba. Akwai African Storybook na wata ƙungiya a Afirka ta Kudu, da StoryWeaver na Pratham Books a Indiya, dukkansu suna da labaran yara da Hausa a intanet masu hotuna, kuma lasisinsu ya yarda a sauke a buga a raba in dai an bar sunan marubuci da mai zane. Sai dai ki karanta kowanne da kanki tukuna, wasu fassara ce kuma Hausar takan yi tauri. Littafin da kamfani ya buga yake sayarwa kuwa kar ku yi masa fotokwafi, ku saya ko ku nemi ragi.

Na jarirai ya zama hoto babba da kalma ɗaya ko biyu, akuya, ƙwarya, jirgin ruwa, a takarda mai kauri don baki zai kai shi, kuma a lura da fil ɗin sitefula. 'Yan shekara uku zuwa biyar su ne na gajeren labari da tatsuniya. Za ki ji wata uwar ta ce ai ni ban yi boko ba. Ki ce mata ta ɗora shi a cinya ta nuna hoto ta tambaye shi mene ne wannan, ina wutsiyar, sauran karatun yayarsa 'yar aji huɗu ta yi masa bayan magariba. In akwai gidajen Fulani ko Zabarmawa a unguwar, hoton dai ɗaya ne, uwa ta faɗa da harshenta.

Rajistarku littafi ɗaya mai bango ya isa: sunan yaro, watan haihuwa, sunan maigida, kwatance, da gurbi 12 na yin maki. Lambobin wayar iyaye amana ce, kar a zuba su a gurup ɗin WhatsApp, kar kuma a ɗora hoton ɗan kowa a Facebook sai da izini. Kowane littafi a sa shi a leda saboda damina, a rubuta sunan yaron da alƙalamin maka ɓaro-ɓaro a bango. Wasu za su yage, wani ma ki gan shi an ƙunshe ƙosai da shi, kar ranki ya ɓaci ki cire yaron, ki aika masa na wata mai zuwa. Ki rubuto mana bayan wata shida mu ji yara nawa kuka rubuta da kuma abin da mai buga takardun ya caje ku.