Rajistar nan da kake ƙorafi a kanta

Jiya bayan la'asar kana wanke bindigar fenti ka yi mini tambayar da na san ta daɗe tana cin ka. Ka ce, "Maigida, takardar ISO 14001 ɗin nan da aka rataye a ofishin manaja, ba don neman kwangila kawai aka yi ta ba? Don me kullum sai na rubuta tina (ruwan tsinka fenti) nawa na ɗiba, gangar dauɗa nawa ta cika?" Motar kaya na jira a lokacin, ban samu ba ka amsa ba.

Ɗana, akwai gaskiya a maganarka. Manyan kamfanoni a nan Saudiyya kan nemi ganin takardar kafin su ba ka aiki, kuma da idona na ga masana'antar da takardar ke bango, baƙin mai kuma na kwance a bayan gini. Amma takarda daban, tsari daban. ISO, ƙungiyar tsara ƙa'idoji ta duniya da ke Janiba, ita ce ta fitar da wannan ƙa'ida ta kula da muhalli a 1996, aka gyara ta a 2004, aka sake gyarawa a 2015. Ita da kanta ba ta ba kowa shaida. Kamfanonin bincike ne ke zuwa su duba, su ba da ta shekara 3, sannan duk shekara su dawo su leƙa.

Ƙa'idar ba ta ce kada hayaƙinka ya wuce kaza ba. Wannan hurumin hukuma ne: akwai dokar muhalli ta 2020, akwai cibiyar ƙasa mai sa ido kan bin ta, akwai MWAN mai kula da shara, ga kuma MODON da ke riƙe da unguwar masana'antun nan ta Jidda. Abin da ISO ke nema shi ne ka san abin da aikinka ke fitarwa, ka san dokar da ta hau kanka, ka tsara, ka aikata, ka duba, ka gyara, ka sake komawa farko.

To ga amfanin rajistarka. A ce a wata guda mun ɗibi tina lita 200 a sito, wadda ta koma gangar dauɗa lita 60 ce. Ina sauran? Wata ta bi fenti, wata ta tashi daga gwangwanin da aka bari a buɗe, kuma duk a iska suka ƙare, iskar da ni da kai muke shaƙa tun safe. In wata mai zuwa aikin bai ƙaru ba amma muka ɗibi 260, ka ga akwai inda ke yoyo ko wanda ke ɓarna. Ba tare da rubutu ba, wa zai sani? Sai dai a yi ta rantsuwa.

Wani wuri da na yi aiki tun kafin ka iya riƙe burushi, an jera gangunan baƙin mai da ragowar fenti daidai kan kwana, bayan gini. Motar ɗaga kaya ta gogi ɗaya, ta tsage a ƙasa, ba wanda ya lura. Da dare aka yi ruwa. Ka san ruwan Jidda, ba ya zuwa sau da yawa, amma in ya zo ba ya sallama. Da safe muka tarar da mai yana yawo a kan ruwa da launin bakan gizo, ya nufi kwatar titi, mu kuma muna binsa da tsumma da yashi a kwano. Manaja ya ce a kori direba. Wani dattijon injiniya ɗan Sudan ya ce a dakata, ya tambaya: wa ya ce a ajiye ganguna a kan kwana? Shiru. Ashe mai kula da su ya koma ƙasarsu watanni da suka wuce, shi kaɗai ya san kamfanin da ke zuwa kwashewa, bai bar ko layi ɗaya a rubuce ba. Da an kori direban, gangunan na nan inda suke.

A ƙasar nan ma'aikaci yau yana nan, gobe kwantiraginsa ya ƙare ya hau jirgi da duk abin da ke kansa. Shi ya sa nake matsa maka. Bayan abin nan ne aka gina wa ganguna dakali mai baki, wanda zai tare abin da ke cikin babbar ganga har da ƙari, aka yi masa rufi, aka rubuta wa kowace sunan abin da ke ciki, kuma ba a ba kowa dauɗa sai mai lasisi, a karɓi rasit.

Mai binciken da ya san aikinsa ba ya daɗewa a ofis. Zai sauko ya tsaya a kanka ya ce, in gangar nan ta zube yanzu me za ka fara yi? Amsar ita ce ka kashe duk abin da ke tartsatsi, ka sa safar hannu, ka tare bakin kwata, sannan ka zuba yashi. Gobe da safe kafin ka haɗa fenti, ka same ni a dakalin ganguna, ka zo da rajistar.