Wane girman tankin gilashi ya fi dacewa da kiwon murjani mai rai da kifin teku?

Ɗan'uwa, ka ce kana tsakanin dogon tanki mai tashi sama da mai faɗi, ni dai mai faɗin zan ce ka ɗauka. In ɗaki da aljihu sun yarda, a yanka maka santimita 120 tsawo, 60 faɗi, 60 tsayi, wajen lita 430 kenan. In ya yi yawa ka sauko 90 da 45 da 45, lita 180.

Tsayin nan don Allah kar ya wuce 60, domin murjani da haske yake rayuwa, ruwa na ƙara zurfi hasken fitila na raguwa, ga gilashi sai ka sayi mai kauri saboda matsin ruwa, kuma hannunka ma ba zai kai ƙasa ba ranar wanki. Faɗi kuwa shi zai ba ka wurin jera duwatsu, kifi ya samu hanya, saman ruwan ya sha iska sosai, wannan zai taimaka ranar da aka ɗauke wuta.

Ƙaramin tanki akwai wahala wallahi, gishiri da zafi saurin canzawa suke. Ka duba ƙarfin teburin da za ka ɗora tankin ma, kowace lita ta ɗan haura kilo ɗaya, ban da yashi da dutse.