Bara-gurbi, Sagara da Zakaran Gwajin Dafi

Tambayoyin wannan karon daga masu kiwon kaji suka fito, kuma na ji daɗinsu, domin kalmomin akurki suna cikin waɗanda ke sulalewa daga bakin yara.

Wani mai kiwo ya rubuto: "Malam, kajina jinsin na faɗa ne, ba su cika yin ƙwai ba. An ce in riƙa barin ƙwai ɗaya a inda suke sakawa don su riƙa komawa. Shi ne ake kira bara-gurbi?"

A'a, ɗan'uwa. Shawarar tana da kyau, sunan ne ba nasa ba. Gurbi shi ne ɗan ramin da kaza ke gyarawa da ƙirjinta da ƙafafunta, ta saka ƙwai a ciki. Idan ta hau kwanci, kwana 21 take yi kafin ta ƙyanƙyashe. Ranar da ta tashi ta ja 'yan tsakinta, ka leƙa gurbin: ga ɓawo a farfashe, ga ƙwai ɗaya ko biyu a gefe sun yi sanyi. Ka ɗaga ɗaya ka girgiza a kunne, za ka ji ruwa na motsi. Wannan shi ne bara-gurbi, wanda aka bari a gurbi. Ɗumin da sauran suka sha shi ma ya sha, juyin da uwar ta yi musu da baki shi ma ta yi masa, amma bai zama komai ba. Nauyin kalmar ke nan idan aka jefi mutum da ita: ba a rage shi da komai ba wajen reno, ya fito a lalace. Shi ya sa ba na son jin ana kiran yaron da bai sami kulawa ba da wannan suna. Zalunci ne ga yaron, kuskure ne a harshe.

Shi kuwa ƙwan da kake bari, lafiyayye ne, aikinsa nuna wa kaza cewa wurin amintacce ne. Ka ce masa ƙwan gurbi, kowa zai gane. Sai dai ba ya ƙara yawan ƙwai, hana ta zuwa sakawa a ɓoye kawai yake yi. Abin da ke sa ta saka shi ne hasken da ya kai awa 14 zuwa 16 a yini, da ruwa, da abinci mai gina jiki, da sinadarin kalsiyam na yin ɓawo. Ƙwai ɗaya kan ɗauki kusan awa 25 yana haɗuwa a cikinta. Kajin faɗa irin su Asil na Indiya da Pakistan da Shamo na Japan, ƙarfi da zuciya aka zaɓa a jininsu, ba yawan ƙwai ba. Matansu na da saurin hawa kwanci, kuma kazar da ke kwanci ta daina saka ke nan sai ta gama reno.

Wata baiwar Allah ta ce: "Mene ne sagara?" Hajiya, budurwar kaza ce, wadda ta wuce tsako amma ba ta fara ƙwai ba. Wajen wata 5 zuwa 6 za ki ga zankonta ya yi ja, ta fara ƙyarƙyara tana leƙe-leƙen lungu. Ko babu zakara za ta saka, sai dai ƙwan ba zai ƙyanƙyashe ba.

Tambaya ta uku: "Zakarana ba ya faɗuwa a faɗa. Zan iya ce masa zakaran gwajin dafi?"

A yadda ake amfani da maganar yau, ta gwarzon da ya yi fice, ba wanda zai ce ka yi kuskure. Amma ka san asalinta. Zakaran da ake gwada dafin kibiya a jikinsa ne, a ga ko dafin ya yi ƙarfi. Shi ne na farkon shiga haɗari, wanda da shi ake auna abu, ba mai kayar da 'yan'uwansa ba. Naka zakaran faɗa ne, sunan ya ishe shi. Ina kuma roƙonka, ka kiwata shi don kyansa da jininsa, kada ka haɗa shi da wani don kallo. An ruwaito hani daga Annabi (SAW) game da zuga dabbobi su yi faɗa, Ingila ma ta haramta wasan tun 1835. Ka ware zakarun da suka balaga, kowa da ɗakinsa, domin irin waɗannan idan suka haɗu ba sa rabuwa sai ɗaya ya kwanta cikin jini.