Tambaya da Amsa: Firizata tana sanyi ta saki, har an ƙara gas sau biyu

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, ina sana'ar ƙanƙara da zoɓo a gida nan Ɗorayi, to firizata ce ta sako ni gaba, in an kunna sai ta yi sanyi da kyau kamar awa ɗaya ko biyu daga nan ta saki, kwamfireso yana ta aiki amma ba sanyi, in na kashe ta ta kwana sai ta dawo kamar ba ita ba. Mai gyara ya ƙara gas sau biyu kuɗina sun tafi, yanzu wai kwamfireso zan canza ga azumi ya matso. Dan Allah a ba ni shawara.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sa wa sana'a albarka. Kar ki sayi kwamfireso tukuna dan Allah. Firizar da gas ɗinta ya zube ba ta warkewa don ta kwana a kashe, haka kwamfireson da ya mutu. Ni inda hankalina ya fi tafiya shi ne kafilari.

Kafilari wani siririn bututun jan ƙarfe ne, in kika leƙa ƙasan firiza kusa da kwamfireso za ki gan shi a nannaɗe kamar waya, raminsa a irin na gida bai cika kai milimita 1 ba amma tsawonsa yakan kai mita 2 ko 3. Gas yana zuwa masa a matse ya zama ruwa, shi kuma ya tsiyaya shi kaɗan kaɗan cikin bututun da ke zagaye da cikin firiza, to da matsin ya faɗi sai ruwan ya tafasa, wannan tafasar ce take zuƙe zafin kayanki. Gas ɗin firiza irin wanda ake kira R134a in ba matsi a kansa yana tafasa ne a kusan digiri 26 ƙasa da sifiri. Kin ga ke nan in akwai ɗan laima ko ɗigo ɗaya a cikin layin, yana isa bakin kafilari zai daskare ya toshe hanya, gas ya kasa wucewa, sanyi ya ɗauke. Kin kashe, ƙanƙarar ta narke, hanya ta buɗe, gobe a sake komawa gidan jiya.

Abin da ke damuna shi ne yawanci wajen gyara laimar take shiga, a buɗe layi a bar shi yana shan iska, a yi waldi, a ɗura gas ba a zuƙe iskar da injin bakum ba, kuma a bar tsohuwar diraya, wato ɗan kwalbar jan ƙarfen nan da ke gaban kafilari mai tare datti da laima, alhali tana daga cikin kayan da suka fi araha a jikin firizar. Wallahi yaran shago da yawa suna da hannu, injin bakum ɗin ne babu.

Ki ce wa mai gyaran ya cire gas ɗin gaba ɗaya, ya hura layin da naitirojin, ya sa sabuwar diraya, ya yi bakum mai kyau, sannan ya auna gas a sikeli daidai giram ɗin da aka rubuta a takardar jikin firizar. Kafilari ba ya iya rage raminsa ko ƙara shi da kansa, abin da aka ba shi yake turawa, shi ya sa in gas ya yi yawa ruwansa yakan koma wa kwamfireso ya lalata shi. Manyan ɗakunan sanyi na masu kifi da kaji su bawul ake sa musu maimakon kafilari, wanda ake kira TXV, yana da ɗan kan da ake ɗaurewa a bututun da gas ke komawa, yana jin zafin bututun ya buɗe ko ya rage da kansa. Taki ba ta da wannan.

Ki duba takardar kuma, in gas ɗin R600a aka rubuta to yana kama wuta, kar a kusanto da wutar waldi sai an fitar da shi, kar kuma a haɗa shi da R134a. In an ɗauke wuta za ki koma janareta, ki ba ta minti 5 kafin ki kunna, matsin ya daidaita ta cikin kafilarin. In an yi duk wannan ba ta gyaru ba, ki sake rubuto min da lambar gas ɗin mu duba maganar kwamfireson.