Tambaya da Amsa: Na rasa cocin da zan tsaya

TAMBAYA: Mama barka da aiki, ina gaishe ki cikin sunan Yesu. Aiki ne ya kai ni sabon wuri, yau wata 5 kenan ina yawo daga wannan coci zuwa wancan. Akwai guda biyu da na fi zuwa, ɗaya waƙarsu da daɗi sosai har ba ka so a tashi amma faston kusan kullum wa'azinsa kan kuɗi ne, wai ka shuka iri Allah zai buɗe maka hanya. Ɗayan kuma ana koyar da Littafi Mai Tsarki da kyau amma sujadarsu shiru, wani lokaci har gyangyaɗi nake yi. Ƙawata ta ce in bi inda zuciyata ta kwanta kawai. Mama ya zan yi?
Daga 'yarki cikin Ubangiji.

AMSA: 'Yata sannu, na ji daɗi da abin ya dame ki har kika tambaya. Shawarar ƙawarki dai ban karɓa ba, Irmiya 17:9 ya ce zuciya ta fi komai yaudara, toh ya za ki ba ta ragama a babbar magana irin wannan?

Ki fara da abin da ake koyarwa. Mutanen Biriya a Ayyukan Manzanni 17:11 Bulus ne da kansa ya yi musu wa'azi amma kullum sai sun koma sun bincika Nassosi su ga ko haka abin yake, kuma yaba musu aka yi, ba a ce sun raina bawan Allah ba. In an auna Bulus waye ba za a auna ba? Ki riƙa rubuta ayoyin da fasto ya kawo, in kin koma gida ki karanta surar gaba ɗaya ki ga ko abin da ya faɗa shi ne a wurin ko dai ya tsinko aya ɗaya ne ya ɗora mata nasa kayan.

Maganar shuka iri ɗin nan ita ta fi tsaya min a rai. Bayarwa ba laifi ba ce, ikilisiya tana da hidimomi kuma 2 Korantiyawa 9:7 ta ce Allah yana son mai bayarwa da daɗin rai, amma ayar nan dai ita ce ta ce kada a bayar don tilas. In an mai da albarkar Allah kamar kayan sayarwa ki tuna da Siman a Ayyukan Manzanni sura 8, wanda ya miƙa wa manzanni kuɗi yana neman ikon Ruhu Mai Tsarki, Bitrus ce masa ya yi kuɗinka su hallaka tare da kai. Gaskiya raina yana ɓaci in na ga gwauruwa ta ba da ɗan abin da za ta ciyar da 'ya'yanta saboda an tsorata ta. Ki karanta 1 Timoti 3:1-7, an jera halayen shugaban ikilisiya, ciki har da kada ya zama mai son kuɗi, sai dai ya zama mai kamun kai, mai iya riƙon gidansa. Iya magana a bagade ba ta wadatar ba.

Sannan ki lura wa ake ba kujerar gaba, Yakubu 2 ya yi maganar mai zoben zinariya da talaka mai tsummoki. In wani ya kwanta ciwo ana zuwa duba shi?

Waƙa kuma tana da wurinta, Kolosiyawa 3:16 ma ta ambace ta, sai dai ta fara da cewa maganar Almasihu ta zauna a cikinku a yalwace. Kada kuma ki jira cocin da ba shi da aibi, ikilisiyar Koranti tana fama da tsattsaguwa da rigingimu amma Bulus ya kira su tsarkaka.

In ni ce ke, na biyun zan riƙe. Ki daina zuwa Lahadi kawai ki fice, ki shiga nazarin Littafi na tsakiyar mako, ki samu ɗaya daga cikin dattawa ki tambaye shi abin da suka gaskata game da Yesu da ceto da baftisma, ki sa abin cikin addu'a na wata 2 ko 3. In kina da murya ki shiga ƙungiyar mawaƙansu, ƙila ke suke jira. Ki sake rubuto min in ji yadda ta kaya, Ubangiji ya bishe ki.