Daga Katako Zuwa Takarda: Harkar Da Ta Fi Ƙarfin Ƙaramin Jari

Tambaya: Ina sayar da katako a Kano, kuma kullum guntaye da garin katako suna taruwa mini. Na ji da itace ake yin takarda. In sayi inji in shiga harkar?

Amsa: Alhaji, da itace ake yi, gaskiya ne, amma kada ka taɓa jarinka tukuna.

Itace zaruruwa ne ƙanana da wani danƙo mai suna lignin ya haɗe. Aikin duka shi ne raba su. Sai an sale ɓawon gungume, a daddatse shi ƙanana, sannan a bi ɗayan hanyoyi biyu. Ko a niƙe shi da ruwa a inji: kusan duk itacen zai zama ƙullu, amma injin yana shan wuta sosai, takardar kuma tana yin rawaya in ta daɗe, irin ta jarida. Ko a dafa shi na sa'o'i a rufaffiyar tukunyar ƙarfe, da sodar da ake yin sabulu da wani sinadarin sulfur, a zafin kusan digiri 170. Danƙon ya narke, a wanke, a tace. A nan kusan rabin itacen ne kawai ke saura, sai dai takardar tana da ƙarfi, irin ta buhun siminti.

Kuɗin yana tafiya ne kan wuta, ruwa mai ɗimbin yawa, da na'urar da ke dawo da sinadaran daga baƙin ruwan dahuwar. In babu ita, ba riba, kuma maƙwabta ba za su bar ka da warin ba. Garin katakon naka ma zarensa gajere ne, shi kaɗai ba ya yin takarda mai ƙwari.

Gwamnatin Najeriya da kanta ta gina masana'antu uku, a Jebba, Oku Iboku da Iwopin, har aka shuka dazukan malaina domin su. Duka sun durƙushe, daga baya aka sayar da su.

In takardar ce ta kwanta maka a rai, fara da tsofaffin kwalaye. An riga an raba zarensu, jiƙawa da markaɗawa kawai suke so, a zuba a mazubi mai siffar kiret a fitar da kiret ɗin ƙwai. Kafin ka biya kuɗin inji, zaga gidajen kaji ka ji kiret nawa suke saye a mako da farashinsa, ka kuma lissafa wurin shanya lokacin damina. Garin katakon kuwa, su masu kajin za su saya don shimfiɗa.